Wa Ya Musanya Babarbariya?

Ranar wata Laraba, ruwan kogi ya fara ja da baya daga fadamun Gurbin Kada, gabas da Haɗejiya, wani baƙo daga Kano ya sa wuƙa ya kankare gefen gangar Ɗan'auta a ƙofar gidan Bulama, mai garin, ya ce wannan icen ko shekara guda bai yi da sarewa ba.

Sunan baƙon Malam Muhammadu. Sana'arsa bin ƙauyuka yana sayen tsoffin kayan kiɗa, ya kai wa masu tara kayan tarihi a birni, don a shekarun nan kuɗin mai ya shigo ƙasa, manya sun fara marmarin kayan da. Abin da ya kawo shi ganguna uku ne na gidan marigayi Sarkin Kiɗa Alu: kazagi, da kurya, da uwar gangar noma da ake kira Babarbariya, don mahaifin Alu ne ya zo da ita daga Barno. Ƙananan biyun ya duba ya yarda da su. Da ya zo kan babbar sai ya ɗaga ta ya jinjina, ya shinshina, ya daɗe yana shafa ta. Ya gaya wa mutane cewa fata da tsarkiya ba sa faɗin shekarun ganga, tun da kullum sauya su ake yi, ice shi ne shaida. Icen da ya shekara tamanin yana shan mai ba shi da nauyi, kuma baƙinsa har ciki yake. Wannan kuwa da nauyinsa, ƙarƙashin baƙin kuma ga fari nan tas.

Wuri ya kaure da gunaguni. Ɗan'auta, ƙaramin ɗan Alu wanda ya gaji gangunan, ya yi ta rantsuwa cewa musanya masa aka yi. Malam Muhammadu ya ce shi dai zamba aka so a yi masa a bainar jama'a, kuma zai kai magana gaban alƙali a Haɗejiya. Da ƙyar Bulama ya roƙe shi ya dakata zuwa Asabar, sannan ya aika a kira Shu'ibu mai bin sawu.

Wani daga bayan taro ya ce an ba kura ajiyar nama. Kowa ya gane nufinsa, don Shu'ibu wan Ɗan'auta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

*

Shu'ibu yana da shekara ashirin ranar da mahaifinsu ya tsallake shi ya miƙa wa autansa makaɗi, sandar buga gangar, a gaban 'yan gayya. Alu ya ce kunnen Shu'ibu lafiya lau yake, hannunsa ne yake da nauyi. A damanar nan ya bar gida ya bi Fulani zuwa dajin Baturiya, ya shekara bakwai a cikinsu, a nan ya koyi karanta ƙasa. Yanzu daga Jahun har Miga in an kore wa mutum shanu shi ake nema. Amma mai bin sawu ba a yi masa liƙi, ba a rataya masa riga a fili. Zai yi kwana huɗu cikin ƙaya ya dawo da garke, a ba shi ƙwaryar nono da godiya, ya iso gari ya tarar ana yi wa ƙaninsa guɗa saboda kiɗan yini ɗaya. Shekara talatin yana haɗiye wannan.

Ya fara da ɗakin da ake rataye gangunan. Sawu kam babu, an share ɗakin ba adadi, kaji ma sun yi tasu hidimar. Ɗan'auta ya ce rabonsa da buga Babarbariya tun gayyar bara. Masu shiga ɗakin kuwa, ban da shi, sai Haruna mai buga masa kazagi, sai babbar yayarsu 'Yar'azumi da take kawo man shafa wa gangunan kamar yadda ta saba tun Baba yana da rai. Da Shu'ibu ya tambaye shi dalilin sayar da gado, ya ce samari duk sun tafi aikin gini Kano, gayya ta mutu, biki kuma rikoda ake sawa. Injin niƙa yake so ya saya.

Shu'ibu ya dube shi ya ce, "Kai da hannunka ka sauko da ita, ka rataya a kafaɗa, ka taka har ƙofar Bulama, amma jikinka bai gaya maka ba ita ba ce?"

Ɗan'auta ya sunkuyar da kai. "Maratayin nata ne, Yaya. Tsarkiyar ma tata ce. Ban lura ba."

"Da Baba ne, da ya lura."

Ya ga maganar ta shige shi, kuma ya ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Kafin ya fito daga gidan ya riga ya yanke hukunci a ransa: Ɗan'auta ya sayar wa wani da ta gaskiyar a ɓoye, yana son ya ci kasuwa biyu.

Washegari ya hau keke ya tafi Haɗejiya. Ya bi tasha, ya bi dillalan kasuwa, ya bi makaɗan cikin gari ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko an ga wata tsohuwar ganga ta fita daga wajensu. Ba wanda ya gani, ba wanda ya ji, alhali ganga irin Babarbariya ba ta wucewa ta tasha makaɗa ba su sani ba. A hanyar komawa ya lura ransa a ɓace yake, kuma da ya bincika ya ga ba rashin gano ɓarawo ne ya ɓata masa rai ba. So yake ya zama ƙanin nasa ne. Ya yi istigfari, ya ci gaba da tuƙi.

*

Da la'asar ya nemi izinin Bulama ya kwance fatar gangar bogin. Yana cire ta warin banda ya buge shi. A cikin tsagogin icen kuma ga baƙin taɓon fadama ya bushe. Wato an binne icen a laka wata da watanni don ya yi duhu, sannan aka gasa shi a hayaƙin kifi. Wannan ya wanke baƙon, wanda wasu suka fara cewa ƙarya yake don ya karya farashi, tun da shi ranar Talata ya sauka garin.

Banda kuwa sana'ar Haruna ce idan ba ya kiɗa. Shu'ibu ya same shi a bakin rafi yana jera tarwaɗa a kan waya. Shekara ashirin da biyar Haruna yana bayan Ɗan'auta da ƙaramar ganga, kuma gari ya san ya sha faɗin cewa shi ne ke riƙe kiɗan, wani ke karɓar riga. Da Shu'ibu ya tunkare shi da wannan, bai musa ko ɗaya ba. Ya ce lallai yana jin haushin Ɗan'auta, yau ma da shi ya kwana, domin an yi cinikin kazagin da hannunsa ya lashe ba tare da an ko shawarce shi ba.

"In sata zan yi, kazagin zan ɗauka, Malam Shu'ibu. Me zan yi da uwar ganga? Ko na ɓoye ta, ranar da na buga kowa ya san muryarta. Sannan dubi murhun nan nawa, ko rabinta ba zai ɗauka ba. Kuma gida nawa ne a garin nan ba a banda?"

Shu'ibu ya auna murhun da ido, ya ga gaskiya ne. Zai juya ke nan Haruna ya ƙara da cewa mutane suna faɗin mai neman ɓarawon ya fi kowa dalilin yin satar. Shu'ibu ya wuce. Maganar ta bi shi har gida, ta hana shi jin daɗin tuwo.

*

Ranar Juma'a da hantsi ya fito da icen bogin rana, ya kwantar da shi ta yadda haske zai ratsa cikinsa a karkace, kamar yadda yake yi wa ƙasa in sawu ya yi wuyar gani. Wajen icen an goge shi sumul, amma ciki an bar saran gizago yadda yake. A nan ya ga abin. Kowane sara yana da wani siririn layi a tsakiyarsa, ɗan tudu kamar zare. Bakin gizagon ya ɗan ɓalle a wuri guda, duk inda ya sauka sai ya bar wannan alama.

Ya gangara mashigi, ya bi jiragen da ke ɗaure yana shafa cikinsu da yatsa. Masunta suna kallonsa suna tsammanin abin ya taɓa masa kai. Jirage shida ba komai. A na bakwai, wani sabo, yatsansa ya ji zaren. Ya tambayi mai jirgin wa ya sassaƙa masa, ya ce ai Iro ne.

Iro masassaƙi mijin 'Yar'azumi ne.

Wurin aikin Iro gindin wata tsamiya ne a bayan gari. Shu'ibu bai same shi ba, don Iro ya tafi shirin masallaci, amma ya bar wani turmi da bai gama ba, kuma zaren yana cikinsa. Sai dai Iro mutum ne da ko taken noma bai iya bambancewa da na dambe ba. Me zai kai shi? Shu'ibu ya tsaya ya dubi ƙasa. Daga bayan tsamiyar wata siririyar hanya ta nufi fadama, lakarta ɗanya, kuma sawun mace ne a kanta, na jiya a kan na shekaranjiya, na shekaranjiya a kan na wancan mako. Hanyar ba ta rijiya ba ce, ba ta gonar kowa ba. Dunduniyar ƙafar hagu tana ɗan karkata waje. Tun suna yara ya san wannan takun, tun ranar da yayarsu ta faɗo daga kan katanga.

Ya bi sawun ta cikin kacalla, doguwar ciyawar fadama, ruwa wani wurin har gwiwa, ya ɓulla wani tudu da ke da tsohuwar bukkar tsaron shinkafa. A ciki, a kan wasu itatuwa da aka jera don kada danshi ya taɓa ta, Babarbariya tana lulluɓe da zane. An ɗaura mata sabuwar fatar akuya da sabuwar tsarkiya, icen yana ƙyallin mai. A gabanta ƙasa ta lotsa inda mutum yake zama, ga kuma ɗan rami inda dunduniya take dukan ƙasa tana bin kiɗa.

Shu'ibu ya zauna a wurin. Shekara talatin bai taɓa gangar nan ba. Ya leƙa waje, ba kowa sai balbela. Ya ɗauki makaɗin ya gwada taken gayya na mahaifinsu, a hankali, ya sake, ya kuma sakewa. Kunnensa na jin yadda ya kamata abin ya fita, hannunsa na sauka a makare. Ya ajiye.

Ya daɗe a zaune yana lissafi da zuciyarsa. In ya ce sawu ya ɓace, gobe a tafi da Ɗan'auta gaban alƙali, ko an sake shi sunansa ya zube har abada, ganga kuma ta zauna a dangi. Ba wanda zai taɓa sani. Tunanin ya yi masa zaƙi, har ya hango ƙanin nasa yana tafiya a gari ba mai ɗaga masa hannu. Amma tun da ya fara sana'ar nan bai taɓa cewa sawu ya ɓace alhali yana ganinsa ba, kuma abin nan guda shi kaɗai ne nasa wanda ba gado ya ci ba. Ya mayar da zanen yadda ya same shi, ya fita.

*

Ranar Asabar da safe Bulama ya tara su a zaurensa: Ɗan'auta, da Haruna, da Malam Muhammadu, da Iro wanda bai san dalilin kiransa ba, da dattawan gari. Shu'ibu ya roƙa a kira 'Yar'azumi ma, ta zo ta zauna daga ƙofar cikin gida. Shi kuma ya shigo da wani abu a naɗe cikin tabarma ya ajiye a gefensa.

Ya fara da wanke waɗanda suka wanku. Baƙo bai daɗe a gari ba da zai binne ice. Murhun Haruna ya yi ƙanƙanta. Ɗan'auta bai sayar wa kowa komai ba, laifinsa kawai bai san gangarsa ba. Sannan ya ce a miƙo gizagon Iro, wanda ya sa aka taho da shi. Ya sari wani guntun ice da shi sau ɗaya, ya ajiye kusa da icen bogin, ya ce wa Bulama ya shafa duka biyun.

Bulama ya shafa, ya ɗago ya dubi Iro. Iro ya ce, ranka ya daɗe, shi ne ya yi, shi kaɗai, a yi masa duk hukuncin da ya dace.

"Ƙarya yake, ranka ya daɗe," in ji 'Yar'azumi daga ƙofa. "Ni na sa shi. Wata biyar ina damunsa kafin ya yarda."

Ta ce tun ranar da ta ji Ɗan'auta ya fara zancen injin niƙa ta shirya abin. Ita ta auna gangar da igiya in ta zo shafa mai, ita ta binne sabon icen, ita ta gasa shi, ita ta fitar da ta gaskiyar cikin damin kara ranar da mutan gidan suka tafi suna. Bulama ya tambaye ta me mace za ta yi da gangar noma. Ta amsa ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Ni ce babba a gidan nan. Tun ina shekara tara nake shafa mata mai. In Baba ya manta wani juyi, ni yake tambaya a cikin gida, in buga masa a bayan ƙwarya. Ranar da ya ba Ɗan'auta makaɗi, gari kaf aka yi ta zuwa ba Shu'ibu haƙuri. Shi ya yi fushi ya tafi daji, aka ce yana da gaskiya. Ni aka ce in ɗora ruwan zafi don baƙi. Shekara talatin ina kallonta a kafaɗar yaron da na goya, na haƙura. Amma a ce a musanya ta da injin niƙa?"

Shu'ibu ya ji kunya ta rufe shi, don a duk shekarun da ya yi yana lasar ciwonsa bai taɓa tunanin akwai mai irinsa a gidan ba.

Ya warware tabarmar. Malam Muhammadu ya matso ya ɗaga gangar, nan da nan fuskarsa ta sauya. Ya nuna wa dattawa inda cinyoyin mutum uku suka goge icen ya yi santsi, da kwarin da maratayi ya ci, ya ɗan kankare ƙasanta da farce aka ga baƙi har ciki. Ya ce wannan ita ce, kuma ya janye maganar alƙali. Bulama ya ce abin na cikin gida ne, ganga dai ta Ɗan'auta ce, Iro da matarsa su ba shi haƙuri. Suka ba shi, ya ce ya yafe. Idonsa ya kawo ruwa, har ya fara cewa wataƙila ma ya fasa sayarwar, tun da abin ya kai haka.

Malam Muhammadu ya roƙa a buga ya ji muryarta. Ɗan'auta ya rataya ya buga taken gayya, ya fita da kyau, dattawa suka gyaɗa kai. Bulama kuwa, don ya sanyaya wa 'Yar'azumi zuciya, ya ce a shiga mata da gangar cikin gida wajen mata, ita ma ta taɓa.

Taken dai shi ne. Amma tun daga dukan farko maza suka daina magana. Akwai wani juyi da Alu yake yi a tsakiyar kiɗan, inda gangar take kamar ta ja numfashi kafin ta faɗo, wanda tun rasuwarsa ba a sake ji ba, har mutane sun manta akwai shi. Ga shi yana fitowa ta saman katanga. Haruna bai san lokacin da yatsunsa suka fara bi a kan gwiwarsa ba. Da ta tsaya, Bulama ya share ido da bakin rawaninsa, ya ce ashe hannun Alu bai tafi kabari ba, a cikin gida aka bar shi.

Shu'ibu ba katangar yake kallo ba, ƙaninsa yake kallo. Ya ga yadda ya kafe ido a ƙasa, ya gane abin sarai, ƙyashi ne, don shi ma shekara talatin da shi yake kwana yake tashi. Ana fito da gangar Ɗan'auta ya ce wa Malam Muhammadu ya ɗaure kayansa yau ɗin nan, duka ukun, a kan farashin da ya faɗa da farko. Bulama ya ce wa Ɗan'auta ya kwana a kan maganar. Ɗan'auta ya ce ya riga ya gama. Kafin azahar an ɗora su a jirgi za a kai su bakin mota.

*

Ɗan'auta ya kafa injinsa a bakin kasuwa, ya kuma samu. 'Yar'azumi ba ta taɓa aika hatsinta can ba, da hannu take daka. Shu'ibu ya yi mako uku yana zagaye ƙofar gidanta kafin ya iya shiga. Ya same ta tana sheƙar shinkafa, ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ya ce ya zo ne ya ba ta haƙuri, da ya san yadda abin zai ƙare da ya fara zuwa wajenta.

Ta ci gaba da sheƙa. Can ta ce ranar Juma'ar nan tana cikin kacalla lokacin da ya shiga bukkar, ta ji duk abin da ya buga, kuma da ta so ɗauke gangar kafin safiya da ta ɗauke. Ta bar ta ne don tana so ko sau ɗaya a tambaye ta a gaban mutane.

Shu'ibu ya tambaye ta yadda ta ji kiɗan nasa.

"Baba ya yi gaskiya a kanka," in ji ta, ta tura masa kujera da ƙafa. "Zauna ka ci abinci."